Sokode da Dapaong: An sauke dokin ƙofar banɗaki saboda tsofaffi, ruwan wanka ya rasa hanya

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin babbar hanyar nan da ta taso daga Lome ta ratsa Sokode da Kara da Mango, har ta dangana da Dapaong da kan iyakar Sinkase, ya ga yadda gidajen zango ke sauya kama a 'yan shekarun nan. Ɗakunan ƙasa suna komawa na bulo, tsakar gida tana shan siminti, kuma wanda Allah Ya buɗa wa yakan fara ne da gyara wa iyayensa ɗaki mai banɗaki a ciki, domin a hutar da su fita waje da tsakar dare. Wani abu da ya shigo cikin wannan gyara shi ne wurin wanka marar tudu a bakin ƙofa, wato daɓen ɗakin kwana da na wurin wanka su zama ɗaya, mutum ya ja ƙafa ya shiga ba sai ya ɗaga ta ba. Maginan Togo suna ce masa "douche à l'italienne", ma'ana wurin wanka irin na Italiya.

Niyyar mai kyau ce, babu mai musu. Tsohon da ciwon gwiwa ya ci ƙarfinsa, ko tsohuwar da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, tudun da bai fi tsawon ɗan yatsa ba ya isa ya kai su ƙasa, balle a jiƙaƙƙen wuri da sabulu a ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. A Faransa ma, tun 2021 doka ta wajabta irin wannan wurin wanka a sababbin gidaje da dama.

Sai dai kuma abin da mutane ke mantawa shi ne, dokin ƙofar nan da aka sauke yana da aikin da yake yi. Shi ne ke tare ruwa, kuma shi ne ya daɗe yana rufa wa magini asiri. In daɓe ba shi da gangara, ko rariya ta toshe, ruwan yakan taru a bayan tudun ya jira, mai wanka ya sa tsintsiya ya kore shi, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ranar da aka cire tudun, ranar kowane kuskure zai fito fili. Ruwa ya bi ƙarƙashin ƙofa ya shiga ɗaki, ya jiƙa darduma da katifa, in an yi rashin sa'a ya kai ga dilar atamfa ko buhun shinkafar da mai gida ya jingine kafin ranar kasuwa. Tsohon da aka yi aikin dominsa kuwa, a da wuri ɗaya yake tsoron santsi, yanzu har bakin gadonsa.

Daga wuriya zuwa shawa

Hausawa ba baƙi ba ne a waɗannan garuruwa. Tun kafin Jamusawa su kafa barikinsu a Sokode a ƙarshen shekarun 1890, fataken goro daga ƙasar Hausa kan bi ta Jugu su yada zango a Didawure, unguwar 'yan kasuwa Musulmi a ƙasar Kotokoli, a hanyarsu ta zuwa Salaga; wasu ayarin kuma su bi ta arewa, ta Sansanin Mango. Unguwannin da suka tsiro daga irin wannan zama a matse suke, gida jikin gida. Wurin wanka kewaye ne a can ƙurya, an zuba tsakuwa, an huda wuriya a gindin katanga, ruwan ya fita lungu rana ta shanye shi. Tsarin ya yi aiki muddin mutane ba su da yawa, kuma da ƙwarya ake wanka, da ruwan da aka ɗauko a ka daga rijiya.

Yanzu lissafin ya canja. A ƙidayar 2010 an sami mutum 95,070 a Sokode, 58,071 a Dapaong. Famfon kamfanin ruwa na TdE ya shiga gidaje, a Dapaong daga madatsar Dalwak ake turo shi. Mai karatu ya ɗauki gida mai mutum 20, kowa da bokitin lita 15, safe da yamma a zafin Maris da Afrilu: lita 600 ke nan a rana, wato durom uku, ban da wanki da wanke-wanke da alwala. In kuwa shawa aka sa, mai ƙarfi tana iya zubo lita 10 a minti ɗaya. Duk wannan ruwa sai ya sami inda zai tafi, kuma garuruwan biyu ba su da magudanar ƙazamin ruwa ta ƙarƙashin ƙasa wadda gidaje za su jona. Kwatocin gefen kwalta don ruwan sama aka yi su. A shekarun 2010 an yi wani shiri na samar wa gidaje masai a Sokode da kuɗin Bankin Raya Ƙasashen Afirka, Tarayyar Turai ma ta zuba kuɗi a shirin ruwa da tsafta mai suna PEAT wanda ya shafi garuruwan biyu. Amma ruwan wanka dai har gobe a wuyan mai gida yake.

Bokiti ɗaya ya isa ya nuna mai laifi

Da yawa in ruwa ya fara kwanciya, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne a kira mai tayil ya fasa daɓe. Wannan shi ne aiki mafi tsada, kuma sau da yawa ba nan ciwon yake ba. Ruwan wanka tasha huɗu yake bi kafin ya ɓace: daɓe, rariya, bututu, sai ramin da ke shanye shi a waje. Kafin a ɗauki guduma, a cika bokiti, a tsaya daidai inda ake tsayawa wanka, a juye shi gaba ɗaya, a zuba ido.

In ruwan ya nufi rariya da kansa amma ya taru a kanta yana juyi, daɓen ba shi da laifi, a nemi matsalar daga rariya zuwa gaba. In rariya tana haɗiye abin da ya iso gare ta, amma wani ruwan ya maƙale a kusurwa ko ya kama hanyar ƙofa, to gangara ce babu. Akwai kuma gidan da mai wankan asuba ba ya ganin komai, sai mutum na biyar ko na shida ya tarar da ruwa har idon sawu. Wannan alama ce ta cewa ramin waje ya cika, cikin dare ne kawai yake ɗan sauka. Haka nan wurin wankan da ke lafiya lau da rani, amma da an shiga Agusta ya fara amai, ƙasar da ke kewaye da ramin ce ta ƙoshi da ruwan sama. Wanda ya fasa tayil saboda waɗannan biyun na ƙarshe ya yi asarar kuɗinsa, domin da ya gama ruwan zai dawo inda yake.

Toshewar rariya ita ce mafi sauƙi. A ɗaga murfin, a ciro ɗan kofin da ke ciki, wanda ake kira sifon, za a tarar da gashi da zaren soso da yashin ƙafa, daskararren sabulu ya manne su wuri ɗaya. Lanƙwasasshiyar waya da ruwan zafi sun isa. A sabon gini kuwa akwai wani ɓarawon da ba a cika zargi ba. Leburori kan wanke cokalin gini da kwanon sarki a bakin rariya, ruwan simintin ya gangara ya daskare a gwiwar bututu, tun kafin kowa ya yi wanka a wurin an cinye rabin hanyar ruwa. Wannan ba ya jin waya, sai an yanke gwiwar an sake. A guji ɗura asid ko sodar yin sabulu, domin asid yana cin simintin da ke tsakanin tayil, soda kuma zafinta na iya lanƙwasa siririn bututun roba. Mafi haɗari shi ne haɗa asid da ruwan jabel, wanda 'yan Nijeriya suka fi sani da Hypo. Iskar da ke tashi daga wannan haɗi guba ce, balle a ƙaramin ɗaki marar taga.

Santimita 2 a kowace mita

Inda aikin yake shi ne gangara. Ƙa'idar ita ce, a kowace mita ɗaya daɓen ya sauka da kimanin santimita 2 zuwa wajen rariya. Ke nan in daga ƙofa zuwa rariya mita ɗaya da rabi ne, bakin rariya zai yi ƙasa da bakin ƙofa da santimita 3. In an gaza santimita 1 a mita, ruwa zai riƙa tsayawa duk inda tayil ya ɗan lotsa. In kuma an zarce ƙwarai, an gina wa tsoho wurin zamewa, kujerar wanka ma ba za ta zauna daidai ba. Auna wannan ba ya buƙatar injiniya. A sami miƙaƙƙen katako mai tsawon mita ɗaya, a ɗora masa ma'aunin magina, wannan mai ɗigon iska a cikin ruwa da ake ce wa nibo. A ajiye kai ɗaya ta wajen ƙofa, a ɗaga na wajen rariya har ɗigon ya zo tsakiya. Tazarar da ta rage tsakanin katako da daɓe ita ce gangarar, kuma faɗin babban yatsa ya kusa santimita 2. A maimaita daga kowace kusurwa, domin magini yakan gyara gefe ɗaya ya manta da bayan ƙofa.

Babban abin da ke ɓata gangara a gidajen 'yan kasuwa, in za a faɗi gaskiya, shi ne son manyan tayil, ko karo kamar yadda ake faɗi a ƙasashen sefa. Mutum ya sayo waɗannan masu santimita 60 kowane gefe, masu sheƙi kamar madubi, ya shimfiɗa a falo, ragowar ya ce a ƙarasa a banɗaki don kada a yi asara. Tayil kuwa ba ya lanƙwasa. In rariya tana tsakiya, dole daɓen ya sauko mata daga ɓangare huɗu kamar mazurari, kuma babban tayil ba zai bi wannan siffa ba sai an yanka shi a karkace daga kusurwa zuwa rariya. Mai tayil da ke gudun yanka, ko wanda mai gida ya ce kada ya ɓata masa kaya, sai ya shimfiɗa su a miƙe, ya ɗan danna huɗun da ke kewaye da rariya, shi ke nan. Ƙanana masu santimita 5 zuwa 10 su ne ke bin gangara, kuma yawan layukan simintin da ke tsakaninsu yana riƙe tafin ƙafa. Wanda ya nace sai babba, to ya bar rariyar tsakiya ya sa doguwa, mai kama da ɗan kwata da murfin ƙarfe, a jikin bangon da ya fi nisa da ƙofa. Da ita daɓen gaba ɗaya gefe guda zai karkata, babu yanke-yanke. Ko wanne aka zaɓa, a jiƙa shi tun a kanti a gwada da tafin hannu, mai santsi a bar shi a falo.

Akwai wani kuskuren da gyaransa bai kai a tayar da hankali ba. Mai famfo ya kafa rariya ya tafi, mai tayil ya zo daga baya bai kai tsayinta ba, bakinta ya ɗara daɓe da ɗan kaɗan. Ruwa ba ya hawa tudu ko da na milimita 2 ne, sai ya yi zobe a kewaye da ita. Nan tayil huɗu ko shida kawai za a ɗaga, a sauke rariyar, a mayar. A kuma lura da girmanta. Ƙananan da ke zuwa a kwali an ƙera su ne don ruwan shawa mai zuba sannu a hankali. Mu kuwa da bokiti muke wanka, a ƙarshe a juye ragowar gaba ɗaya, mata su tuntsurar da bahon wanki. Rariya mai faɗi da bututu mai milimita 50 ko 63 su ne daidai da mu. Na 32 na wurin wanke hannu ne, araha ce kawai ke kai shi ƙarƙashin daɓe, araha kuwa ba ta ado. Bututun ma yana son irin waccan gangara, kuma a wurin juyawa gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi guda mai 90.

To, in gwaji ya tabbatar gangarar ce babu fa? A gidan da ba bene ba, magani na gaskiya shi ne a fasa daɓen wurin wanka, a haƙa a sauke shi, a sake zuba kankare da gangararsa, yadda bakin ƙofa zai zo daidai da ɗaki, sauran kuma ya yi ƙasa. Ƙara siminti a kan tsohon tayil don a samo gangara dawo da tudun da aka guda ne, sai dai wannan karon hawa za a yi a shiga. A bene kuwa kada a bari kowa ya sassaƙe kankare don neman zurfi, domin rodin da ke ciki shi ke riƙe da ginin. Inda ba za a iya fasa daɓe duka ba, ana iya sa siririyar rariya mai murfi a bakin ƙofa daga ciki, a haɗa ta da bututu, duk ruwan da ya tsere ya faɗa nan. Ko a manna ɗan zirin roba mai laushi wanda ƙafa da tayar keken guragu ke takewa su wuce, a haɗa da labulen leda da ya kai ƙasa. Rage zafi ne, amma ga ɗan haya yakan wadatar.

In an kai ga fasa daɓe, kada a rufe shi ba a sa abin hana ruwa ratsawa ba. Simintin da ke tsakanin tayil yana shan ruwa, kuma a wurin wanka marar tudu danshin yakan bi ta ƙarƙashi ya ɓullo a bangon ɗakin kwana, fenti ya kumbura, farin gishiri ya fito. Ana kwaɓa siminti da garin hana ruwa irin su Sikalite, a haura da shi jikin bango, a kuma fitar da shi har wajen ƙofa. In katangar ta ƙasa ce aka yi wa filasta, abin ya wuce maganar fenti: waɗanda suka ga ambaliyar 2007 a yankin Savanes sun san yadda ginin ƙasa ke zubewa in gindinsa ya jiƙe. Kafin a sa tayil a toshe rariya, a yi 'yar madatsa ta laka a ƙofa, a tara ruwa a wurin, a yi alama a bango, a bar shi ya kwana ya wuni. In ya sauka, ko danshi ya fito ta ɗaya gefen, aikin bai yi ba.

Ramin waje

Tasha ta ƙarshe ita aka fi yi wa rowa, ita ce kuma ta fi kawo rigima da maƙwabta. Ramin shanye ruwa, sokawe a bakin 'yan Nijeriya, puwizar a bakin 'yan Togo, aikinsa shi ne ya miƙa wa ƙasa ruwa ta bango da gindi. Saboda haka ba a yi masa filasta. Ana jera bulo da tazara ko a cika shi da manyan duwatsu, a rufe da murfin kankare saboda sauro da yara. Abin da ke kashe shi maiƙo ne da sabulu, suna toshe ƙasar sannu a hankali har bangon ramin ya koma kamar cikin tukunya. Maganinsa ƙaramin akwatin siminti mai murfi a tsakanin banɗaki da rami, wanda magina ke kira regar. Ruwa ya shiga ya ɗan huta, yashi ya kwanta, maiƙo ya taso, bututun fita ya ɗebo daga tsakiya. Kwashe shi aikin minti biyar ne, ta nan kuma ake zura waya in bututu ya toshe.

Ƙasar garuruwan biyu ba ɗaya ba ce, don haka ramin ma ba zai zama ɗaya ba. Sokode tana kan tuddai da kwaruruka, ƙoramu irin su Kpondjo da Kpandi sun ratsa ta, damina kuma doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba. Gidan da ke gangare kusa da ƙorama, ruwan ƙasa kan taso da damina ya cika ramin tun kafin ruwan wanka ya iso. Kafin a haƙa, a tambayi tsofaffin unguwa inda ruwan rijiya ke kaiwa a Satumba, kada a yi awo da rijiyar Maris. Ƙa'idar ma'aikatan tsafta ita ce gindin ramin ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi, kuma ya yi nisan mita 30 da rijiyar sha. A matsattsen zango mita 30 ta wuce gida biyu ko uku, ke nan rijiyar maƙwabci ma tana cikin lissafi. Daga harsashin gini kuma a ja baya mita 3 ko fiye.

A Dapaong damina ta fi gajarta, amma garin a cikin duwatsu yake, a wurare da dama mai haƙa ba ya nisa yake cin karo da marmara ko fa. Neman zurfi a irin wannan ƙasa wahala ce kawai. Abin da ya fi shi ne dogon rami marar zurfi, kamar zuwa gwiwa, a shimfiɗa tsakuwa, a kwantar da bututu mai huji-huji, a rufe da tsakuwa da buhu sannan ƙasa, ruwan ya bazu a tsawonsa maimakon ya taru wuri guda. A garin da ruwa ke wuya da bazara, mai fili zai iya dasa ayaba ko gwanda ko zogale daga gefe su riƙa sha. Ban da latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye.

Masu gaggawa kan bi gajeriyar hanya, ko dai su juya bututun wanka cikin masai, ko su mayar da shi lungu kamar yadda kakanni suka yi. Masan da zai yi shekaru sai ya cika a 'yan watanni, a yi ta biyan motar kwasa, ga haɗarin ruftawa in ba a ɗaure bangonsa ba. Lungu kuwa ba zai shanye durom uku a rana ba. Sakamakon kowa ya san shi: baƙin ruwa mai gansakuka, sauro, babur ya fantsama wa mai farar riga a hanyar masallaci, sai ka ji maƙwabtan shekara da shekaru sun daina gaisawa, ko an kai ƙara wurin sarkin zango, ko duba-gari ya zo da takarda. Ruwan indararo ma kada a haɗa shi da ramin wanka. Ruwan sama guda na Agusta ya isa ya cika shi ya dawo da komai cikin ɗaki, ga shi yanzu babu tudun da zai tare.

In mai gida yana hanya

Galibin masu karanta wannan shafi ba mazauna gida ba ne. Yau Sinkase, jibi Lome, wani mako Bawku ko Wagadugu. Kuɗin aiki ta waya ake turawa, a aiko da hoto a WhatsApp a ce an gama. Hoto ba ya nuna gangara. A ce a turo bidiyon bokiti: a juye shi a bakin ƙofa daga ciki, a bi ruwan har ya ƙare, sannan a nuna daɓen bayan minti biyar. Magini da mai famfo da mai tayil mutum uku ne, kowa da ranar zuwansa, in abu ya lalace kowa ɗan'uwansa zai nuna. Tun farko a tara su rana ɗaya, a ja layi a bango wanda ke nuna tsayin daɓen ɗaki, a tsayar da inda rariya za ta zauna da yadda za ta yi ƙasa da layin, a kuma yi sharaɗi a gaban shaida cewa kason ƙarshe na kuɗin aiki sai bayan gwajin bokiti. Ai ko dila ba a biyan ta sai an kwance an ƙirga.

Tunda don tsoho aka yi aikin, a ƙarasa ladan. A kafa ƙarfen riƙewa wanda aka ɗaure cikin bulo sosai, domin bututun shawa ba zai riƙe nauyin mutum ba. A sa kujera mai ƙarfi da fitila mai haske. Ƙofa ta kai faɗin santimita 80 zuwa 90, ta riƙa buɗewa waje, yadda in mutum ya faɗi a bayanta za a iya shiga a ɗauke shi.

Saura maganar wari. Ɗan kofin sifon yana riƙe ruwa kamar santimita 5, shi ne ke toshe wa wari da kyankyasai da sauro hanyar dawowa daga rami. Wasu kan cire shi su yar don ruwa ya fi gudu. Zai gudu kam, amma an buɗe wa waɗancan ƙofa. Ɗakin da aka kulle aka yi tafiya, musamman da hunturu, ruwan kofin kan ƙafe cikin 'yan makonni, mai ɗaki ya dawo ya tarar wari ya kama tufafi da haja. Kafin a kulle, a zuba ruwa a rariya, a bi da cokali ɗaya na man gyaɗa don ya rufe fuskar ruwan, a kifa ɗan faranti a kai. In tafiyar za ta wuce wata biyu, a bar wa wani amintacce makulli ya riƙa zuba buta ɗaya duk Juma'a.